Kaka Mai Kifi da Kyanwar Littafi

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta ranar da wata tsohuwa mai soya kifi ta hargitsa mini aji ba.

Lokacin ina tara yara da la'asar a tsakar gidanmu a Garwa, waɗanda rubutun Faransanci ke kayarwa. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar garin Pitowa da ke zaune wurin kakarta. Ta taɓa faɗuwa konkur, jarrabawar shiga sakandare, babanta kuma ya rantse in ta sake, sai gonar auduga. Ita kuwa tana son boko kamar ranta.

Wata rana na ce kowa ya kwatanta mini kakarsa a rubuce. Da na karanta nata, sai da na nemi wuri na zauna. Wai kakarta na kan kujera mai lilo tana saƙa rigar sanyi, kyanwa a cinyarta, dusar ƙanƙara na zuba a waje. A Garwa fa! Cikin bazara, gumi na ɗiga har kan takardar.

Na ce, "Ke, ina kika samo wannan kakar?"

Ta ce, "Madam, ai haka kakanni suke a littafi. Tawa ba ta rubutuwa."

Maganar ta soke ni. Ban kai ga amsa ba sai ga sallamar tsohuwar, faranti a ka, ta biyo ta tafi da jikarta. Ta ce, "Malama, me ja'irar nan ta rubuta kike riƙe da baki?" Na juya mata shi da Hausa. Ta yi shiru a kan ƙanƙara, ta haƙura da rigar sanyi, amma da na zo kan kyanwa sai ta dire farantin.

"Kyanwa? A cinyata? Ni mai kifi? Ni da nake yini ina jifan su da takalmi!"

Yara suka kwashe da dariya har da masu birgima. Tsohuwa ta ce in dai rubuta ta za a yi, a rubuta ranar da ta kori dorina daga lambunta a bakin kogin Binuwai. Ta fara bayarwa tana ƙara gishiri, sai yarinyar ta zabura: "Kaka, ba haka aka yi ba! Faranti kika yi ta bugawa, kina gudu kina salati, zani a hannu!"

Na miƙa wa yarinyar biro na ce, "Yadda kika faɗa ɗin nan, sa shi a takarda." Ta duƙufa, har aka kira magariba ba ta ɗago ba. Kurakurai kam, jingim, amma tsohuwar na numfashi a kowane layi. Watannin da suka biyo baya muka yi ta gyaran kurakuran, wani sa'in har sai ta yi kuka.

Ranar da sakamako ya fito, guɗar tsohuwar na fara ji tun daga zaure. Ta dangwarar mini da ƙunshin kifi mai zafi ta ce, "Malama, auduga sai dai ta nemi wani!" Sannan ta harari jikarta: "Kyanwar fa?"

"Na kore ta, Kaka."

Daga ranar na daina fara wa yaro da jan biro. Wanda ya ɗauka mutanen gidansu ba su isa shiga takarda ba, wannan kuskuren nake fara gyara masa, sauran su biyo baya.