Kiran Tanko daga ƙetaren tabki

Jama'a, yau na ji muryar wanda ya riga ya cika!

Da hantsi ina bisa gora a tabki ina su, ƙanena Tanko yana can ƙetare yana saran ƙirya zai sassaƙa turmi. Sai in ga gatarin ya sauka shiru, sai ya ɗaga shi sannan in ji ƙararsa, kaf!

Na ce wa Kawu Bawa da ke gefena, "Kawu, wannan ba sihiri ba ne?"

Ya ce, "Wane sihiri? Ƙara tafiya take yi, gani ya fi ta sauri."

Bai rufe baki ba itacen ya juyo. Innalillahi! A idona ya danne Tanko, ko motsi bai sake yi ba. Sannan kiran ya tsallako ruwa: "Yaya!"

Wallahi sai da na amsa.