Mastro Sifis, Ni Ce Na Yi Ta Gyara Maka Taswira

Ranar Talata, 11 ga watan Maris, da hantsi, ina cikin buɗe shago matarka Kira Argiro ta bugo mini waya. Cewa kawai ta yi, "Pelagiya, mayar da ƙofar ki rufe, Sifis ya tafi." Na zauna a bakin dakali, na kasa ko mayar da makulli.

Shekara talatin da ɗaya muna aiki tebur ɗaya a shagonka na bayan tashar jiragen ruwan Haniya. Kai kake kwafo tsofaffin taswirorin da Turawan Benis suka zana lokacin da suke mulkin garinmu, ni kuma in shafa musu launi. Ka ɗauke ni aiki ne wata biyu bayan teku ta cinye mijina, alhali ko buroshi ban iya riƙewa ba. Na ɓata maka takardu sun fi ashirin, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba.

Duk baƙon da ya shigo sai ka ɗora yatsa a kan taswira, a wajen ganuwar gari, inda takarda take fara fat, ka ce, "Sun zana ganuwarsu da rumfunan jiragensu, amma kakanninmu da suka yi dakon duwatsun, ga gidajensu nan, ba ko ɗigo." Kuma ba taswirar da ta bar shagon ba ka rubuta "kwafi" a bayanta ba, ko da mai saye ya roƙe ka ka bari.

Mastro, malamina a sana'a, akwai abin da na ɓoye maka. Shekara shida ke nan da idonka ya fara rauni. Sai ka tsallake rumfa guda, ko layin ganuwa ya zarce cikin teku. Likita ya ce ka ajiye alƙalami, ni kuwa na san ranar da ka ajiye shi ka gama yawo. Don haka idan ka fita shan kofi, sai in kankare kuskuren da reza, in gyara, in rufe da launi. Kullum ina tsoron kada ka gane, don na san zuciyarka, wallahi ba za ka sake taka shagon ba.

Bayan jana'iza, ana raba kofi, na kasa daurewa na faɗa wa Kira Argiro. Ta dube ni, ta yi dariya da hawaye.

"Ke Pelagiya, ashe ke ma makauniya ce? Mutumin da ba ya son kofi, me kike zato yake fita yi har awa guda? Kullum in ya dawo gida sai ya ce, yau kuskure uku ta gyara, ta rufa mini asiri. Ya ce kada in faɗa miki, za ki ji kunya."

Na yi kuka kamar ranar da aka kawo mini labarin mijina.

Allah ya jiƙanka, Mastro Sifis, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya rufa maka asiri a can. Kira Argiro da 'ya'yanku Manusos da Hrisula, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ni ni ma.