Linzamin Gidanmu a Bakin Bidi

Shekarar da na sayi doki, rabin unguwarmu a Filinge sun yarda cewa mushe ya taɓu. Malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini mushe. Abokan aikina kowa moto, wato babur, yake hange, ni kuwa na tashi takanas na tafi kasuwar Baleyara na dawo da ingarma bidi, mai dogon wuya da ɗan ƙaramin kai. Ranar da muka shigo gari bakina har kunne yake. Ina gaishe da mutanen da ban sani ba, don dai su ɗago kai su gan shi.

Ba don kaina kaɗai na yi wannan hauka ba. Mahaifina mahayi ne a ƙuruciyarsa, irin waɗanda ake aikowa ɗauka daga Damana da Bankuku in za a yi biki. Tun shekarun fari da suka kashe dokinsa na ƙarshe, turken gidanmu yake tsaye ba kowa, har akuyoyi suka gaje shi. A lokacin da nake ba da labari yanar ido ta riga ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da duhu. Da aka ce masa ga doki a tsakar gida, ya taso da sandarsa ya shafa shi tun daga goshi har kofato. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jakar fata.

Linzamin gidanmu ne a ciki, wanda kakana ya hau da shi, Baba ma ya hau da shi. Baƙin ƙarfe ne mai nauyi, da zoben da ke kewaye haɓar doki, da wani harshen ƙarfe a tsakiya wanda ke tashi ya taɓa ganɗa in an ja kamazuru, wato igiyar linzami. A gefensa akwai ƴan zobba na jan ƙarfe da ke kacau-kacau in doki na tafiya. Baba ya ɗora mini shi a hannu, ya ce bikin ƙanena na nan tafe bayan kaka, dawaki za su fito fili, kuma da wannan yake so in hau. Ya ce ba ya son ya bar duniya bai sake jin ƙararsa a bakin dokin gidan nan ba. Na amsa da to, zuciyata fal da murna.

Washegari na sa wa bidi linzamin, sai murna ta koma ciki. In da ragama ce kawai a kansa, dokin nan ɗan lafiya ne. Amma ina taɓa kamazuru sai ya wage baki kamar mai hamma, harshe a waje, yana wurgi da kai. A ƙasarmu ta Kurfai kuwa babu abin dariya irin dokin wasa mai buɗe baki. Ko ya iya rawa kamar me, ba wanda zai kalli ƙafarsa. Makaɗa za su sa ka a waƙa, su ce hannun mahayi ya fi na mai sussuka nauyi, kuma waƙar makaɗan garinmu ba ta mutuwa da wuri.

Shawara kuwa na sha ta har na ƙoshi. Wani ya ce in shafa wa ƙarfen zuma. Bidi ya lashe zumar tas, ya wage baki yana neman ƙari. Wani ya ce in ɗaure masa baki da tsirkiyar fata. Na ɗaure, ya yi tsaye da ƙafa biyu ya zubar da ni cikin gonar waken maƙwabcinmu. Na dawo gida ina ɗingishi, matata ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ko yau dokin ne ya ba mushe darasi.

Ana cikin haka wani abokina Buzu daga Bankuku ya zo cin kasuwa, ya ga halin da nake ciki, ya ciro linzamin dokinsa ya ce in gwada. Ɗan siriri ne, harshensa gajere. Wallahi ina sa shi sai ka ce an canja mini doki. Ya rufe baki ruf, ya shiga tauna ƙarfen a hankali, farar kumfa ta fito gefen leɓensa, ya lanƙwasa wuya. Muka bi ta fadama, na ɗan matse shi da ƙafa, sai ga shi yana taku ɗai-ɗai, yana rangaji, ba ganga ba kalangu. Na yi ta dariya ni kaɗai kamar yaro. Masu ban ruwan lambu suka ajiye guga suna kallo, ni kuwa na ƙi komawa gida sai da rana ta yi ja.

A hanyar dawowa ne jikina ya yi sanyi. Ga linzamin da doki ke so, ga wanda Baba ke so, biki kuma na ta matsowa. In na hau da na gida, na ji wa doki ciwo kuma na sha waƙa. In na hau da na aro, na karya wa tsoho zuciya. Matata ta ce ai Baba ba gani yake ba, in rufe linzamin da tuntaye, wa zai faɗa masa? Ban amince ba, amma kuma na kasa buɗe baki in gaya masa. Na ci gaba da fita kilisa da na aro, ina cewa gobe zan yi masa magana.

Ashe wahalar banza nake. Wata la'asar na dawo yana zaune a ƙofar gida bisa buzunsa. Tun ban sauka ba ya karkata kai ya ce, "Wanga ba kukan linzaminmu ba na. Mi ya samu namu?"

Na sauka na durƙusa na faɗa masa komai, har faɗuwar gonar wake. Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce in matso da dokin. Ya lallaɓa ya sa yatsa ta gefen bakin, inda ba haƙori, ya shafa ganɗar, ya daɗe yana shafawa. Bidi ya tsaya masa cik. Ya ce bakin dokin ƙarami ne, ganɗarsa a kwance take, harshen linzaminmu ya yi masa tsawo har ya fara ƙuje shi. Ya sa aka miƙo masa karan gero, ya auna faɗin bakin da shi, ya karya daidai, ya jefa a aljihu. Ya ce da safe in kai shi maƙera.

Muka tafi, ina janye da doki da hannu ɗaya, shi yana riƙe da kafaɗata. Maƙerin bakin kasuwa ya san linzamin nan tun zamanin ubansa. Da Baba ya miƙa masa ya ce a rage harshen a matse zoben, sai mutumin ya riƙe shi yana kallona, ni ma ina kallonsa. Na ce, "Baba, na kaka ne fa. In aka yanke ba ya komawa."

Ya ce, "Kakanka don bakin dokinshi ya sa anka ƙera shi. Da ya zo hannuna na sa anka buɗa shi don nawa. Kai ka aza don rataya ga bango munka aje shi? Hura wuta, maƙeri."

Aka hura. Ban taɓa jin daɗin ƙarar zugazugi kamar ranar ba. Ƙarfen ya yi jawur, aka datse kan harshen, aka doke shi ya kwanta, aka bi shi da magagari har ya yi sumul. In ya huce a sa wa bidi, Baba ya shafa ya ce da saura, a mayar wuta. Mutanen kasuwa suka taru, kowa da nasa sani, Baba bai saurari kowa ba sai yatsansa. Can wajen azahar ya ce in hau. Na hau, na ja kamazuru a hankali. Bakin bai buɗe ba. Na sake ja, ya lanƙwasa wuya, ƴan zobban suka yi kacau. Maƙeri ya yar da masabarsa ya hau tafi.

Ranar biki dawaki sun fito daga ƙauyuka da dama, filin bayan gari ya cika maƙil. Da aka zo kaina, makaɗa suka saki ganga, bidi ya shiga rawa kamar don shi aka yi taron. Mata na guɗa, ƙanena ango ya manta da kunya yana tsalle cikin babbar rigarsa. Na sake shi da sukuwa, na zo gaban rumfar dattawa na yi zamiya. Baba ya miƙe, ya laluba har hannunsa ya sami bakin dokin. Ya ji shi a rufe, kumfa ta jiƙa masa tafi.

Sai ya ce in sauka in ɗora shi. Dattawa suka shiga ba shi baki, suna tuna masa shekaru da ido, bai ko juya ba. Ni da ango muka tallabe shi bisa sirdi, muka sa masa ƙafa a likkafa. Ya karɓi kamazuru da yatsu biyu, bayansa ya miƙe. Na kama ragama gam ina tafe a gefe, tsoro ya cika ni. Ba mu yi nisa ba ya sunkuyo ya ce, "Saki, ɗana. Ina jin bakinshi."

Na saki.