Ranar da Yaya ya ninka wa Baba magani

Babanmu manomin shinkafa ne a bakin kogi, ƙasa da Gaya, har shekarar da zuciyarsa ta fara gazawa. Da farko hawan jini ne, daga baya ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya riƙa yanke masa ko daga ɗaki zuwa zaure. Inna ta riga ta rasu, ni kuma aurena ya mutu na dawo gida, sai jinyar ta faɗo a kaina.

Likitar da ke duba shi wata mace ce mai sanyin murya. Da rabin ƙwaya ta fara shi. Duk komawar da muka yi sai ta auna shi, ta sa a ɗebi jininsa, sannan ta ƙara kaɗan, har aka kai ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ranar ta dube ni ta ce, "Nan ne iyakarsa. Ko ya roƙe ki kada ki ƙara. Abin da ya wuce haka ba lafiya zai ƙara masa ba, jinin zai faɗi ƙasa, ƙoda kuma ta ji jiki. In kumburi ya dawo ku zo, wani maganin ne na wannan."

Yayana direban kamiyo ne, babbar motar nan, yana ɗauko kaya daga Kotonu. Yana son Baba ƙwarai, amma tun muna yara hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya iso gida wata safiya cikin bazara, ya tarar da Baba a tabarma ƙafafu sun sake cika, don tsohon ya koma cin miyar maƙwabta mai gishiri a ɓoye. Yaya ya danna ƙaurinsa da babban yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba.

"Wannan shi ne maganin da ake ba shi?" Ya girgiza kwalin. "Ƙwaya ɗaya, wa ƙaton mutum kamar Baba?"

Na ce, "Yaya, likita ta ce nan ne iyaka. Gobe ma za mu koma."

"Iyakar me? Ni in kaina na ciwo a hanya uku nake sha. Rowa suke yi, ke kuma kin zauna kina kallo yana mutuwa."

Na miƙa hannu na karɓe kwalin na ƙulle a bakin zane. Ban ga tahowar marin ba. Sai dai na ji kunnena na hagu ya toshe, na yi baya na bugi randa, ta tuntsure ta fashe. Ya murɗe mini hannu har na durƙusa cikin ruwan, ya yage bakin zanen ya ɗauke kwalin. Baba yana cewa, "Kai, bar ta, bar ta," amma muryarsa ba ta fita. Yaya ya ɓare uku ya ba shi a baki, Baba ya haɗiye, don bai saba ƙin abin da babban ɗansa ya miƙo masa ba.

Na fita da jiƙaƙƙen zane na nufi gidan Baffa, ƙanen Baba. Matarsa ta ce ya tafi fadama, ta aika a kira shi. Kafin in dawo Yaya ya ƙara wa Baba wasu, wai bai ga kumburin ya sauka ba. Ya zauna bakin ƙofar ɗakin da kwalin a aljihu, ko kusa bai bari na je ba.

Da aka kira azahar Baba ya miƙe zai yi alwala. Ya ɗauki buta, ya ce gari na juya masa, sai ya tafi gaba ɗaya kamar an sare icce. Fuskarsa ta sauka a bakin turmi. Har yau ina jin ƙarar. Girarsa ta tsage, haƙoransa na gaba suka karye, jini ya bi ƙasa ya haɗu da ruwan butar. Na juya shi, jikinsa sanyi ƙalau, gumi ya rufe shi, idanu sun yi sama.

A haka Baffa ya shigo da fartanya a kafaɗa. Ya dubi Baba, ya dubi kuncina da ya kumbura. Ya juya ƙotar fartanyar ya sauke wa Yaya a gadon baya. Yaya ya faɗi, ya taso, Baffa ya sake kai masa a fuska. Na ji hancinsa ya ba da sauti. Sai Yaya ya rungumo Baffa ta ƙugu suka zube kan murhu, toka ta tashi, tukunya ta kife, suna shaƙe juna. Maƙwabta suka afko, wani ya sha gwiwar hannu a baki wajen rabawa.

Ni ina riƙe da kan Baba ina ihu, "Ku bar faɗan, yana numfashi! Ku kawo amalanke!"

Wani maƙwabcinmu ne ya ji ni. Ya ɗauro wa jakinsa amalanke muka ɗora Baba, na danne girar da ɗankwalina har gidan likita. Yaya ya biyo mu da gudu ba takalmi, jini na zuba a rigarsa.

Likitar ta tambaye mu nawa ya sha. Yaya ya fiddo kwalin ya faɗa mata da bakinsa. Ba ta yi masa faɗa ba, ta ce dai ya fita waje. Aka ɗaura wa Baba ƙarin ruwa sannu-sannu saboda zuciyar, aka ɗinke girar. Fitsarinsa ya ɗauke, sai bayan kwanaki ya dawo. Da aka sallame shi an dakatar da maganin na wani lokaci, daga baya aka sake farawa da kaɗan, kuma maganin bai taɓa komawa inda ya kai da ba, don ƙodar ta riga ta taɓu.

Duk kwanakin nan Yaya ne ke goya shi zuwa makewayi, da karkataccen hanci da ido ɗaya a rufe. Ni bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ranar da zai koma hanya ya ajiye kwalin a kan gadona ya fita.

Baba ya ƙara ganin girbi biyu, yana cin tuwo da gefen baki. Ya rasu da damina, Yaya yana can ƙetaren gadar kan iyaka cikin layin motoci, ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Shi da Baffa har yanzu ba sa zama tabarma ɗaya. In salla ta zo, ni nake kai gaisuwar wannan wurin wancan.