Malam Shitu da Lissafin Dama

Malam Shitu na Nariya mutum ne mai fargaba, ko akuya ta yi atishawa sai ya waiwaya. Shekara ashirin ya yi yana karatun littattafai a Kibiya, idonsa ya saba kama layi daga dama. Da aka buɗe ajin Yaƙi da Jahilci, saura shekara biyu a samu mulkin kai, dagaci ya tura shi kwas a Rano, ya dawo yana koyar da magidanta goma sha tara.

Rubutun boko dai daga hagu ya koye shi, ba don yana so ba. Lissafi kuwa ba wanda ya gaya masa ta ina ake kama shi, sai ya kama ta inda ya saba. In an rubuta 2 + 3 × 4, sai ya ce huɗu sau uku sha biyu, a ƙara biyu, sha huɗu. Littafi ma sha huɗu ya ce. Bawan Allah, wannan kaɗai ne abin da bai taɓa shakka a kansa ba.

Ana gobe jarrabawar satifiket, Malam Ishiyaku mai duba azuzuwa ya iso a keke. Suna hira bayan la'asar, ya zana 4 × 3 + 2 a ƙasa da tsinke.

"Ashirin," in ji Shitu.

"Sha huɗu ne, Malam. Sau ake fara yi, ko a dama yake ko a hagu, sannan a tara."

Shitu ya sake duban zanen. "Ranka ya daɗe, akwai irinsa gobe?"

"Ba ni da ikon faɗa."

Damina ce, kowa na gona. Shitu ya tattare riga ya bi gona-gona, yana tsayar da ɗalibansa da ke noma yana zana musu a ƙasa, yana ba su haƙuri. Kafin magariba ya samu bakwai. Bai samu Manu ba, Bafulatanin da ya fi kowa ƙoƙari, wanda aka yi wa alkawarin aikin allurar shanu in ya ci. Manu ya kai garke kiwo can Zurgu.

Da safe sai da aka raba takardu Manu ya shigo, ƙafarsa duk taɓo. Shitu na tsaye a taga, an hana shi magana. Manu ya duba tambayar farko, ya ɗago ya yi wa malaminsa murmushi, ya ɗora fensir a dama, kamar yadda aka koya masa.