Iya Mai Murfi

Ranar Talata, tara ga watan Maris, na fara magana da Iya Mai Murfi. Dawowata ke nan da 'yata daga asibiti, inda aka yi mata ƙarin ruwa saboda wata miya da na ɗumama mata, wadda ban san ranar da aka dafa ta ba. Ba a daɗe da rasuwar matata ba. A bakin gadon asibitin yayar marigayiya ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: in yarinyar ta sake kwanciya a kan abinci, za ta ɗauke ta ta riƙe.

Iya tana haya a ɗakin da ke kallon namu. Ta yi shekaru tana girki a wata makarantar kwana, kuma ba ta ganin murfin roba a yashe ta wuce, shi ya sa yaran gidan suka laƙaba mata sunan. Ta shigo yi mana sannu, ta buɗe firiji don ɗaukar ruwan sanyi, sai ta ja da baya tana toshe hanci.

"Akawu, firiji ne wannan ko juji?"

"Iya, komai fa da sanyinsa."

"Ni ma ina shan sanyin, ka ga na koma yarinya? Kawo bokiti."

A ranar ta kwashe komai, ta wanke, ta raba mana robobi masu murfi. Tsarinta ba wuya. Abin da aka dafa yau ya hau hawa na sama. Kowace safiya kowace roba ta sauko hawa ɗaya. Wadda ta kai ƙasa a ranar za a cinye ta, bayan ta tafasa sosai. In ta fi ƙarfinmu, a miƙa wa maƙwabta tun tana da daɗinta. Ragowar shinkafa kan koma soyayyiya da ƙwai da albasa. Ko wake ba ta yarda a juye sabo a kan tsoho. Aikin sauko da robobi kuwa 'yata ta ɗora wa, tana kiranta shugabar firiji.

Wata Asabar yayar marigayiya ta iso ba sanarwa, da jaka babu komai a ciki. Ban tambaya ba, na san ta kayan wa ce. Muna gama gaisawa ta nufi firiji, ta ciro robar miya daga sama.

"Inna, ba daga nan ake ɗauka ba!" in ji 'yata. "Wannan ta yau ce, sai jibi. Ga ta ƙasa nan, ita ke kan layi."

Yayar ta buɗe ta ƙasan, ta shinshina, ta dube ni.

"Wa ya koya muku wannan?"

Daga ƙofa Iya ta amsa: "Yarinyar dai ta koya. Uban muna nan muna fama."

Yayar ta yi dariya har da share ƙwalla. Ta ci abinci tare da mu, ta koma da jakarta yadda ta zo da ita.

Iya ta zauna gidan har idonta ya yi rauni, sannan babban ɗanta ya zo ya tafi da ita wurinsa. Tana nan da ranta, mukan gaisa ta waya, kuma ba ta sallama sai ta tambayi abin da ke hawan ƙasa. 'Yata a hannuna ta girma. Bana ta gama sakandare. Allah ya saka wa Iya da alheri.