Hayaƙin Lambunmu

Ni da ƙamshi mun daɗe da sanin juna. Kakannina daga Borno suka zo, kuma tun ban fi turmi tsawo ba nake haɗa humra da turaren wuta. Saboda haka in dai zancen abin da ke tashi sama ne, kada wanda ya ce zai koya mini.

Shekarar da gari ya rikice, gab da yaƙin basasa, muna zaune a unguwar Sheshe. Maigidana yadi yake sayarwa, yana da wani tela ɗan ƙabilar Ibo da ya daɗe yana yi masa ɗinki. Da aka fara farautar mutanen Gabas, sai ya ɓoye shi a bukkar lambunmu da ke bayan Ƙofar Ɗan Agundi, cikin itatuwan lemo da na turare. Aka ja masa kunne, ko ashana kada ya ƙyasta. Ni nake dama fura, maigida ya kai masa.

Wata rana bayan azahar, maigida yana kasuwa, sai ga samari cike da zaure. Na tsaya a bayan ƙyaure. Babbansu ya ce, "Uwargida, daga kan badala mun hango hayaƙi shuɗi-shuɗi a saman lambunku. Wa yake girki a can?"

Ni kuwa, wallahi, bakina bai mutu ba. Na ce, "Kai ɗan nan, yau ka fara hawa badala? Gumin itace ne. Ganye yana fitar da ƙamshi yadda kai kake fitar da wari. Rana ta dafa shi a sama, ya haɗu da iska, ya tsaya kamar hayaƙi. Duk ƙarshen damina haka yake."

Wani ya tuntsire da dariya. Na ɗauko lemo na ɓare, na miƙa hannu inda hasken rana ya ratso zauren, na matse ɓawon. Feshi ya tashi yana yawo cikin hasken. Na ce, "Ɓawo ɗaya ke nan, balle lambu guda. Ga hanya nan, ku je ku duba. In kun dawo sai ku gaya wa mai unguwa kun tattake shukar mutane don itace ya yi gumi."

Suka yi tsuru-tsuru, suka watse. Kuma ba ƙarya na yi musu ba. Bayan shekaru, jikata da ta karanta kimiyya ta ce tururin man da ganye ke saki, in ya gamu da hasken rana da wasu sinadaran iska, yakan rikiɗe ya zama ƙananan ƙwayoyi, har gajimare kan taru a kansu. Wai feshin ɓawon nan nawa dai daban ne. Na ce mata ai ya yi aikinsa.

Da magariba maigida ya dawo daga lambu, na tare shi da labari ina ta cika baki. Bai ko murmusa ba. Ya ajiye ƙwaryar fura ya ce zazzaɓi ne ya rufe telan, wai tun hantsi telan ya hura wuta yana dafa ganyen darbejiya.

"Har na isa garwashin bai mutu ba," in ji shi.

Telan ya tsira, alhamdulillahi, an fitar da shi cikin motar gyaɗa. Amma a wannan magaribar zama na yi daɓas a tsakar gida. Ni da bakina na ce musu su je su duba.